Tsinken da Ya Daina Makara

In dai ina da rai da hankalina, ba zan taɓa manta wata Asabar a garin Safana ba, ranar da na tsaya gaban malaman Islamiyya, ina jiran wata tsohuwar waya ta fitar da ni kunya ko ta kunyata ni. Shekaru sun ɗan ja yanzu. Na yi ayyukan da suka fi wancan girma da wuya, amma babu wanda nake tunawa in ji murmushi ya suɓuce mini ni kaɗai kamar shi.

Ni 'yar Batsari ce, daga gidan malamai. Mahaifina yana da makarantar allo a zaure, ƙanwarsa kuma, Gwaggo, ita ke karantar da matan aure a cikin gida bayan azahar. Ni ce na ratse na karanta kwamfuta, na kama sana'ar gina shafukan intanet. Da na gama hidimar ƙasa na dawo gida, sai na tarar ajin Gwaggo ya cika ya tumbatsa har gindin rijiya. Mata ne daga ƙauyukan wajen Ruma da Wagini, waɗanda 'yan bindiga suka tayar, suka shigo gari suka raɓe wajen dangi. Yawancinsu sun haddace surorin salla tun suna yara, amma ba su san babbaƙu ba. In aka buɗe musu littafi sai su yi ta kallonsa da ladabi, shi ke nan. Kuma ba kullum suke samun zuwa ba. Wata tana surfe a gidan mutane, wata tana jinyar miji, wata ta bi babur zuwa ƙauye da safe ta duba gona, ta dawo kafin rana ta yi sanyi.

Na lura kusan kowane gida ba a rasa babbar waya guda, ko ta miji ko ta wani ɗan'uwa. Sai na ce bari in gina musu shafi wanda in an buɗe shi sau ɗaya zai zauna a wayar, ko babu data ya yi aiki. Na zaunar da Gwaggo na ɗauki muryarta tana kiran haruffa, babbaƙu da farfaru, yadda take biya wa ɗalibanta. Na tsara shi in ta kira harafi sai ya koma kore ya ɗan kumbura, sannan wani ɗan tsinke da na zana, irin wanda ake nuna karatu da shi a allo, ya sulalo ya tsaya a ƙarƙashinsa. Wannan tsinken shi ne abin alfaharina, shi ne kuma ya kusa kayar da ni.

Bari in ɗan buɗe muku cikin abin, don ku gane inda gizo ke saƙar. Kowane harafi a shafin abu ne mai zaman kansa, da kalarsa da girmansa da mazauninsa. Wannan shi muke kira salonsa. Ba tsinken ne ke canza wa harafi salo ba. Wani lokaci murya ce ta iso kansa, wani lokaci mai karatu ce ta taɓa shi da yatsa don ta sake ji. Aikin tsinke kawai shi ne ya gane wane harafi ne ya canza, ya je wurinsa. To ta yaya zai gane? Hanyar da ta fara faɗo mini a rai ita na bi. Na sa shi ya riƙa bin haruffan nan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin: wannan ya canza kala? Girmansa fa? Yana ina yanzu? Kuma kafin motsi ya yi santsi a ido, sai an sabunta hoton fuskar waya wajen sau sittin a daƙiƙa guda. Saboda haka sau sittin a kowace daƙiƙa yake yin wannan zagaye. A kwamfutata abin tafiya yake kamar an shafa masa mai. Na yi ta kallonsa ina yaba kaina.

Ranar gwaji na kai shi ajin Gwaggo. Wadda ta fara miƙo waya wata mata ce 'yar Wagini, za ta yi shekara arba'in, tana tuyar ƙosai a bakin layinmu tun da suka yi gudun hijira. Wayar mijinta ce ta aro. Na sa mata shafin, na buɗe darasin bita, wanda ya tara haruffa da wasulansu fiye da ɗari biyu a fuska guda. Muryar Gwaggo ta fara fita, mata suka matso suna dariya, suna cewa ga Malama a zaune ga Malama a waya.

Ba a je ko'ina ba tsinken ya fara ɗingishi. Ya tsaya cak, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Hatta koren ma ba ya zuwa a kan lokaci. Murya ta wuce ta kira “ta”, shi kuwa yana nan ƙarƙashin “ba”. Matar nan ta ɗora yatsa a inda ya nuna, fuskarta cike da murna, ta ce, “Ta! To na gane shi. Ta shi ne mai ɗigo guda a ƙasa.”

Gwaggo ta ce, “A'a, baiwar Allah, wannan ba ne.”

Ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta ce, “Ai shi ya nuna mani, Malama.” Sannan ta juya wayar a tafin hannunta ta ce, “Wanga abu kuma ya ɗau zafi kamar kaskon tuyata.”

Aka yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan la'asar Baba ya aika a kira ni. Gwaggo ta riga ta ba shi labari. Abin da ya ƙara nauyin zancen shi ne, tun kafin nan ya yi magana da wani amininsa da ke shirya taron malaman Islamiyya a Safana, an yarda a ba ni lokaci in nuna aikina, kuma saura kwana goma sha huɗu. Baba bai yi faɗa ba, da ma ba ɗabi'arsa ba ce. Cewa ya yi, “Ɗiyata, wadda ba ta san ba ba, gobe za ta sani. Amma wadda kika koya wa ba a matsayin ta, sai an kankare kafin a rubuta. Abin da zai koyar da kuskure gara babu shi. In bai gyaru ba kafin ranar, ni da kaina zan ce a cire ki.”

Na ce, “To, Baba.” Amma a zuciyata wayar na ɗora wa laifi. Ƙaramar waya ce mai araha, me za ta iya? Yanzu in na tuna wannan tunanin nakan ji kunya, don masu irin wannan wayar na ce ina yi wa aikin tun farko.

Kwana huɗu na yi ina lalube. Na rage nauyin zane, bai hana ba. Na rage yawan zagayen zuwa sau goma a daƙiƙa, sai tsinken ya koma tsallen kwaɗo, kuma duk da haka yana makara. A ƙarshe na je wajen mai ƙosai na roƙi aron wayar na yini guda, na jona ta da kwamfutata, na buɗe ma'aunin da ke nuna inda burauza ke kashe lokacinta. Kusan duk ƙarfin wayar a amsa tambayoyina yake ƙarewa. Ashe in tsinke ya ɗan motsa, sannan na tambayi mazaunin wani harafi, sai burauza ta tsaya ta sake auna shimfiɗar shafin kafin ta ba ni amsa, don kada ta faɗa mini tsohon labari. Ni kuma motsi da tambaya na cakuɗa su, ba hutu. Wayar ba ta da laifi ko kaɗan. Ni ce na hana ta sakat. Na gano ciwon, amma maganin ya ƙi zuwa.

Ranar Alhamis da hantsi, da yake babu karatu, na kai wa Baba kunu a zaure na same shi yana fiƙe alƙaluma. Ya dubi fuskata ya ce in zauna, in faɗa masa abin da ya gagara, da Hausa, ba da yaren kwamfuta ba. Na yi masa bayani yadda na yi muku. Ya saurara har na gama, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi.

Ya ce, “Yara nawa ke zama a zauren nan?”

Na ce, “Sun haura sittin.”

Ya ce, “Tun da kika yi wayo, kin taɓa ganin na tashi ina bin su ɗaya-ɗaya ina cewa kai ka iya, kai fa ka iya? Da haka nake yi, yaushe zan biya wa wani? Ina zaune a buzuna. Wanda ya iya allonsa shi ke tasowa ya zo. Ni dai kunnena a buɗe yake.”

Na ji kamar an yaye mini wani abu a ido. Abin haushin ma, ba sabon ilimi ba ne. An koya mana shi a makaranta, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma sani daban, tunawa da shi ranar da ake bukata daban. Burauza tana da wani ɗan tsaro nata da za ka ce masa, sa mini ido a kan waɗannan haruffa, in an sauya alamar da ke jikin wani ka sanar da ni. Ban ko tsaya ɗaukar kwanon kunun ba. Na koma ɗaki na rushe zagayen nan gaba ɗaya, na kafa ɗan tsaron, na ce wa tsinke ya zauna kurum har sai an kira shi. Kafin azahar na gwada a wayar mai ƙosai. Tsinken ya bi muryar Gwaggo tiryan-tiryan, harafi bayan harafi. Na yi ta zagaya ɗaki da wayar a hannu kamar wadda aka yi wa albishir.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar Talata, saura kwana huɗu, wata dattijuwa a ajin Gwaggo ta ce idonta ba ya ganin ƙananan haruffa. Na ce ai akwai maɓallin ƙara girma, na nuna mata. Tana dannawa haruffa suka buɗe, suka sauya layi, kowane ya koma sabon wuri. Tsinke kuwa ya tsaya inda yake, yana nuna fili fetal. Da aka kwantar da wayar a kaikaice ma haka. Na gane dalili nan take. Ɗan tsaron nan yana kawo rahoto ne kawai in an taɓa alamar da ke jikin harafin kansa. Umarnin ƙara girma kuwa daga sama yake zuwa, a kan shafin baki ɗaya, haruffa su gaje shi ba tare da an rubuta komai a jikinsu ba. Salo ya canza, amma babu wanda ya kawo labari.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini in cire maɓallin kawai, in je Safana in nuna abin da ke aiki, in karɓi yabo. Wa zai sani? Amma na dubi dattijuwar nan tana ƙanƙance ido tana kai wayar kusa da hancinta, na san in na cire shi, ita da ire-irenta na cire.

Kwana biyu na duƙufa a kan bayanan yadda burauza ke aiki, har na ci karo da wata ɗabi'a tata. In ka ce mata kada ta sauya girma ko kalar abu farat ɗaya, ta yi shi a hankali, to duk lokacin da sauyin ya zo, ko daga ina ya fito, sai ta yi shela cewa ga shi ta fara. Don a ƙawata shafi aka yi wannan. Ni kuwa shelar nake so. Sai na ba kowane harafi irin wannan umarni, amma na gajarta lokacin sauyin ƙwarai, yadda ido ba zai ma kama shi ba. Na kafa kunne guda ɗaya a saman shafin yana jiran shela. Juya waya kuma da ma tana da tata sanarwar, na haɗa ta da kunnen. In labari ya zo, sai in auna mazaunin harafi guda, sau ɗaya tak, in tura tsinke ya sulala a bisa shafin kamar abin da ke kan gilashi, ba ya ture kowa balle a sake auna komai. Da na sake duba ma'aunin nan, inda a da ya cika maƙil da aiki, sai na ga fili, in ban da 'yan ɗigo nan da can. Wayar ta yi awa guda tana karatu ba ta ko yi ɗumi ba.

Ranar Asabar muka kama hanyar Safana bayan rana ta ɗaga, ni da Baba da Gwaggo, da mai ƙosai wadda ta ce ko ba a gayyace ta ba sai ta je, tunda da wayar gidanta aka yi yaƙin. A wani babban aji aka yi taron, maza a gaba, mata a gefe guda. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe masu tsawo, aka tattauna abubuwan da suka tara su. Sannan aka ce ɗiyar Malam ta fito.

Na buɗe kwamfutata ke nan, sai wata tsohuwar malama daga Zakka ta ɗaga hannu. An gaya mini tun a hanya cewa ta karantar da rabin matan yankinsu, kuma ba ta sayen abu a cikin buhu. Ta ce, “Ɗiyata, rufe wannan. Ɗalibaina ba su da irinta. Taki wayar ma mayar da ita jaka.” Ta kwance bakin gyalenta ta fiddo wata waya da gilashinta ya tsage gida biyu, an ɗaure bayanta da roba. Ta ce, “A nan za ki nuna mamu.”

Na karɓa da hannu biyu. Wayar ta girmi ta mai ƙosai nesa ba kusa ba, ban kuma taɓa gwada aikina a irinta ba. Shafin ya ɗauki lokaci kafin ya sauka, ina jin wani malami yana gyaran murya. Na saci kallon Baba. Kansa a sunkuye, yana jan carbi.

Da ya buɗe ban taɓa komai ba, na mayar mata. Ita da kanta ta shiga darasin bita, mafi nauyi a cikinsu. Muryar Gwaggo ta tashi, tsinke ya sulala ƙarƙashin alif, ya wuce ba, ya wuce ta, kowane a daidai lokacin da aka kira shi. Malamar Zakka ta kai yatsa ta taɓa wani harafi can ƙasa, tsinke ya gangara. Ta taɓa na sama, ya hau. Ta shiga taɓa su da sauri-sauri, nan da can, kamar mai tsintar tsakuwa a wake, yana biye da ita. Ta tambayi inda ake ƙara girma, ta danna har sau uku, haruffa suka watse suka sake layi, tsinke ya bi nasa harafin ya tsaya. Ta kwantar da wayar, ta tayar. Daga nan ta rufe ido, ta bar muryar tana tafiya, can sai ta buɗe farat ɗaya don ta kama shi yana makara. Ta same shi a ƙarƙashin shin, muryar Gwaggo kuwa tana cewa shin. Sau uku tana yin haka. A ƙarshe ta kara bayan wayar a kumatunta, ta ji ko ta yi zafi.

Ta ce, “Abin ya iya nuni. Amma nuni ba shi ne karatu ba. Akwai wadda ta koya da shi?”

Kafin in buɗe baki mai ƙosai ta miƙe. Malama ta kife wayar a cinyarta, ta karɓi alli, ta je allon bango ta rubuta haruffa bakwai a hargitse, ba bisa jerinsu ba. Matar nan ta matsa, ta goge hannu a zaninta. Ta kira na farko, jim. Ta kira na biyu, sin. Ta ɗan tsaya a na uku. Sai ta ce, “Wanga ba ne, ɗigo guda a ƙasa. Na kusa da shi ta, biyu a bisa. Waɗannan kam ko a mafarki ba su ƙara ruɗa ni.” Ta ƙarasa sauran ukun ba tuntuɓe.

Ajin ya ɗauki kabbara. Wata daga cikin mata ta fara guɗa, ta tuna inda take, ta toshe baki da hijabi, aka fashe da dariya har da malamai maza. Gwaggo tana share ido. Malamar Zakka ta kamo hannuna ta riƙe, ta ce, “Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Kada ki cire shi daga wayar nan, da shi za ni gida.” Kafin mu fito, wayoyi sun taru a gabana a kan benci, manya da ƙanana, masu tsaga da masu roba, kowa yana cewa a sa masa. A kowace na gwada, tsinken bai makara ba.

Muka juyo da wuri saboda hanya. Da muka yi nisa sai Baba ya juyo daga gaban mota ya ce, “Akwai darasin haɗa baƙi a ciki?” Na ce ban kai nan ba tukuna. Ya ce, “To ki zo zaure ranar Alhamis mu tsara shi tare.” Wanda ya san mahaifina ya san babu yabon da ya wuce wannan a bakinsa.

Abin da wannan lamari ya koya mini ya bi ni duk inda na yi aiki daga baya. Na gane cewa sauri ba ya samuwa don an ƙara gudu, yawanci yana samuwa ne in an daina wahalar da ba ta da dalili, a bar abin da ya canza ya kawo labarin kansa. Na kuma gane cewa aiki bai gyaru ba don ya yi kyau a hannun wanda ya yi shi. Sai ya je hannun wanda ya fi kowa ƙarancin hali, ya yi masa amfani ba tare da ya ɓatar da shi ba. In bai kai nan ba, komai kyansa, ba a gama ba.